Barba Jerko Bai Iya Ruwa Ba

Shekara arba'in da bakwai Barba Jerko, wato Kawu Jerko a bakin mutanenmu, ya yi yana neman abincinsa a kan teku, kuma bai iya ruwa ba. Ba wai bai ƙware ba ne, a'a. Ka tura shi inda ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, to sai dai ka kira masu tsamo gawa. Duk tsibirin Murter ba wanda ya san haka sai matarsa Tonka, ita ma sai da suka haifi 'ya'ya biyu ya iya buɗe baki ya faɗa mata.

Laifin iyayensa ne, Allah ya ji ƙansu. Ubansa yana cikin tsofaffin masuntan nan da suka yarda cewa wanda ya iya ruwa wahalar mutuwa kawai yake ƙara wa kansa in jirgi ya kife. Ga shi kuma wan Jerko ya nutse yana ɗan shekara tara, daga ranar uwar ta hana ƙaramin ko tsoma ƙafa. Yana da sha huɗu aka sa shi a jirgin kamun kifi. Daga nan sai kunya ta karɓi aikin, don wa zai je ya ce a koya masa iyo bayan gashin baki ya fito masa?

Ku kuma ba ku san bakinmu ba, mu mutanen Murter. Mutum ya yi tuntuɓe sau ɗaya a bakin gaɓa, sunan da za a laƙa masa ke nan, har jikokinsa su gada. Jerko ya san in maganar ta fita ya gama zama a teburin karta, kuma ba mai sake ɗaukarsa a jirgi. Sai ya koyi dabaru. Yau kunne ke ciwo, gobe ya ce shi teku wurin aikinsa ne, wanka kuma yana yi a gida da sabulu kamar mutumin kirki. Da ya ga baƙi na tsalle cikin ruwa sai ya taɓe baki, a yi dariya a wuce.

Da ƙarfi ya fara ja baya, kamun kifi ya fi ƙarfinsa, sai Vinka, 'yar ƙanwarsa, ta sayi jirgin shan iska mai tafiya da ƙyalle, ta ɗauke shi. Shekara goma sha ɗaya ke nan suna zagaya tsibiran Kornati da baƙi, mako-mako. Ita ce kyaftin, tana kan sitiyari. Duk sauran aiki nasa ne: jan ƙyalle, sakin ƙugiya, gasa kifi, kai igiya tudu. Kai igiyar nan ita ce aikin da ya fi ba shi tsoro. A lungunan Kornati ba gaɓar da za a jingina jirgi. Ana sakin ƙugiya ne daga gaba, a ja da baya, wani ya kai igiya ya ɗaure a dutse. Samarin wasu jiragen faɗawa ruwa suke yi da igiya a kafaɗa. Jerko kuwa kullum a ɗan kwalekwalen roba yake zuwa, da hularsa, yana tuƙi a hankali kamar mai zuwa coci.

"Barba," Vinka kan ce masa, "yadda kake lallaɓa robar nan, ko matarka ba ta samun haka."

"Robar ba ta mayar da magana, 'yar nan."

Ranar wata Alhamis ta watan Agusta baƙinsu biyu ne kacal, wani Zlatko mai sayar da tayoyin tarakta a Osijek, da matarsa Gordana. Zlatko irin mutanen nan ne da suka karanta littafi ɗaya a kan ƙulle-ƙullen igiya suka zama malamai. Da safe ya ɗauki kwalekwalen ya je tudu sayen burodi, ya dawo ya ɗaure shi a bayan jirgi da kansa.

"Barba, na yi masa ƙullin da ko bijimi ba zai kwance ba!"

Jerko yana ƙasa a ɗakin girkin jirgi, hannunsa cikin cikin kifi, Vinka na kira a ɗaga ƙugiya. Shekara goma sha ɗaya bai taɓa barin ƙullin wani bai duba ba. Ranar ya ce bari ya wanke hannu tukuna, sai ya manta.

Sai bayan azahar ya waiwaya. Ba komai a bayansu sai kumfar ruwa.

Ya tsaya yana kallon ƙarfen da ake ɗaure igiyar, kamar kallon zai dawo da ita. Vinka ta zagi iska, Zlatko ya shiga rantsuwa cewa satar kwalekwalen aka yi, a tsakiyar teku, kun ji fa. Jerko ya ce a juya a nema.

"A juya ina?" Vinka ta nuna yamma da haɓa.

Ya duba. Sama ta yi baƙi ƙirin daga ƙasa, iskar da ke tura su ta ɗauke cak, ƙyallen ya saki jiki yana lilo. Nevera ce, guguwar bazarar nan da ba ta sallama. Wanda ya tashi a nan ya san rabin awa take ba mutum, in ta ga dama.

Suka sauke ƙyalle, ta tayar da inji, suka nufi lungu mafi kusa, wani matsattsen wuri da duwatsu suka sa a tsakiya. Jerko ya san lungun. Ƙasansa ciyawa ce, ƙugiya ba ta kamawa sosai. In ba igiya a tudu, iskar za ta kwantar da jirgin a kan duwatsun gabas. Duk tsawon hanyar yana ninke igiya yana neman ƙaryar da zai yi, kuma a karo na farko a rayuwarsa ƙarya ta ƙi zuwa.

Ya saki ƙugiya. Vinka ta sa ribas. Iskar farko ta iso da sanyi, ta kwashe tawul ɗin Gordana ta yi sama da shi.

"Barba! Igiya! Wancan dutsen mai tsaga, yi sauri!"

Ya zo bayan jirgi, ya rataya igiyar a kafaɗa, ya tsaya a bakin tsani. Tsakaninsa da dutsen bai fi taku arba'in ba. Ruwan ya koma toka-toka yana tafasa. Har ga Allah ya yi niyyar faɗawa, don a lokacin mutuwa ta fi masa sauƙi a kan magana. Abin da ya tsayar da shi, ya san in ya nutse igiyar ba za ta isa dutsen ba, kuma Vinka za ta bar sitiyari ta bi shi.

"Me kake jira? Sai an buga maka ganga?"

"Vinka, ban iya ruwa ba."

"Haba Barba, yanzu lokacin wasa ne?"

Ya juyo ta ga fuskarsa. Zlatko, da yake Allah bai ba shi sanin lokacin yin shiru ba, ya ce, "Kamar yaya bai iya ruwa ba? Ba ɗan teku ba ne?"

"Rufe mana baki, Zlatko," in ji Gordana.

Vinka ta fizge igiyar daga kafaɗarsa. "Kama sitiyari. Gordana, zo nan, ki riƙa sakar mini igiya kaɗan-kaɗan, kada ki bar ta ta yi sako-sako, in ta nutse farfela za ta naɗe ta." Ta cire takalmi ta faɗa ruwa, ko kallonsa ba ta sake yi ba.

To a nan ne Jerko ya ga tashin hankali. Jirgin na buƙatar ribas don kada iska ta kwantar da shi, amma farfelar da ke juyawa tana ƙarƙashin inda igiyar ke fita, kuma ƙarshen igiyar na jikin yarinyar da ya goya tana jaririya. Ya fidda giya har ta yi nisa. Jirgin ya fara zamewa gabas. Yana jin ƙugiya na jan ciyawa, girgizar na zuwa masa ta tafin ƙafa. Ya ba da ribas na numfashi uku, ya fidda. Ruwan sama ya sauko kamar da bakin ƙwarya, har kan Vinka ya ɓace masa.

"Ina take? Gordana, kina ganinta?"

"Igiya na tafiya! Tana ja!"

"Ɗaga hannunki sama! Sama, na ce!"

Duwatsun gabas suka matso har yana ganin ƙananan kaguwa na gudu a kansu. Zlatko ya ɗauko sanda wai zai tokare jirgi mai nauyin tan goma sha biyu. Jerko ya daka masa tsawar da ta zaunar da shi. Ya sake ba da ribas, wannan karon ya daɗe, idonsa a kan igiyar, bakinsa na kiran Uwar Yesu da sunan ƙanwarsa a haɗe. In igiyar ta faɗa farfela, shi ne zai jawo Vinka ƙarƙashin ruwa da hannunsa.

Can sai ruwan ya ɗan tsagaita, ya hango ta a kan dutsen, a durƙushe, tana zagaya igiyar a tsagar. Ta ɗaga hannu ɗaya.

Ya bar sitiyari ya karɓe igiyar daga Gordana, ya naɗa a kan na'urar ja, ya shiga murzawa da duk ƙarfin da ya rage masa. Igiyar ta miƙe, ta yi ƙara, ruwa na tsatsafowa daga jikinta. Jirgin ya tsaya, ya yi kamar yana shawara, sa'an nan bayansa ya fara dawowa daga duwatsun.

Vinka ta biyo igiyar ta dawo. Gwiwoyinta biyu na jini, tafin hannunta ya tsage. Ya miƙa mata hannu a tsani, ta ƙi kamawa.

Nevera ba ta daɗewa. Kafin la'asar sakaliya rana ta fito kamar ba ita ba. Gordana ta ja mijinta ƙasa ta rufe ƙofa. Jerko ya kawo ruwan zafi da auduga, Vinka ta bar shi ya wanke mata ciwon.

"Bara," ta ce, "ranar da igiyar ruwa ta kusa share ka daga goshin jirgi, ka san abin da na ce a raina? Na ce ko ya faɗa, ai Barba ne, zai riƙe kansa har in juyo. Da a hankali zan juyo, Barba. A hankali! Me zan je in ce wa Mama?"

Kunya ta hana shi ɗaga kai.

"Ranar Asabar in mun isa gida ka sauka da jakarka. Zan ce gwiwa ce ta hana ka aiki, ba wanda zai ji komai daga bakina. In kuwa jirgin kake so, sai ka koya. Kuma ba zan ɗauke ka zuwa wani ɓoyayyen wuri ba, ba ni da wannan lokacin. Inda muka tsaya, nan za ka shiga."

"Shekarata sittin da ɗaya, 'yar nan."

"Na sani. Ni na yi maka kek ranar da ka cika ta."

Washegari lungun ya kwanta lumui, ana ganin ciyawar ƙasa. Jerko ya fito da gajeren wando, fatar cikinsa fara fat, hannuwa da wuya baƙi kamar an ɗinka masa su. Sai ya ga wani jirgi ya shigo tun da sassafe ya ɗaure kusa da su. A kansa, da kofin kofi a hannu, Lovre ne, abokin kartarsa, mutumin da in ya ji magana da safe kafin rana ta take har limamin coci ya ji.

"A'a! Barba Jerko tsirara?" Lovre ya ƙwala. "Yau kuma sabulun gida ya ƙare ne?"

Vinka tana cikin ruwa tana jira. Ta dubi Lovre, ta dubi kawunta, ta ce a hankali, "Maganar gwiwa tana nan, in ka fi so."

Jerko ya juya baya ya kama tsani. Ya sauka mataki ɗaya, ruwa ya kama idon sawunsa. Ya ƙara, ya kai ƙugu. Da ya kai wuya, ƙafarsa ta laluba ba ta sami komai ba, yatsunsa suka ƙanƙame ƙarfen har suka yi fari.

"Lovre!" ya ce. "Ajiye kofin nan ka kalla da kyau, kada ka je ka ba da labarin a karkace. Iyo ake koya mini."

Lovre ya daina dariya.

Vinka ta sa tafin hannunta mai bandeji a ƙarƙashin haɓarsa. "Ina riƙe da kai, Barba. Saki."

Ya saki.