Mikiyar Baba a Ƙirjin 'Yata

Baba sojan sama ne a gida Najeriya, amma bai taɓa tuƙa jirgi ba, gyara yake yi. Ni ce mai ɗinka masa bajo a riga tun ina ƙarama, saboda idon Inna ba ya ganin kafar allura. Na farkon da na sani na zare ne mai kauri, mikiya ta buɗe fukafukai, an yi mata aikin hannu kamar na hula. Daga baya aka canja, aka kawo ɗinkin keke, siriri, launinsa ya fi duhu. Kafin ya yi ritaya kuma sai ga wanda ba a ɗinkawa sam, mannawa ake yi, in an ɓare ya yi ƙara. Baba ya ce wannan ai filasta ce. Da ya rasu aka raba kaya, na ɗauki tsohon nan na zare, na taho da shi Madina cikin gwangwanin alluraina.

Bara makarantar 'yata, rauda ɗin da ke bayan gidanmu a Al-Azizya, wato makarantar ƙananan yara, ta aiko cewa ranar bikin ƙasa yara su zo da kayan soja. Maigidana yana aiki a saidaliyya, kantin magani, ba shi da lokacin kasuwa, sai ni na je na sayo mata 'yar rigar matuƙin jirgi, koriya mai zif. Ƙirjin rigar ba komai, ya yi mini fayau. Na ɗauko bajon Baba na ɗinka da ƙananan ɗinki, yadda yake so. Ni a ganina mikiya mikiya ce.

A bakin ƙofar makarantar na fara lura. Duk yaron da ya wuce, takubba biyu ne da dabino a ƙirjinsa, tambarin ƙasar. Maƙwabciyata 'yar Cadi, wadda ta girme ni, ta sunkuya ta duba rigar.

"Ke ƙanwata, wannan shaho daga ina? Ko Kano ce ta aiko mana da yaƙi?"

Mata suka kwashe da dariya. Ni ma na yi, don ban san abin da zan yi da fuskata ba.

Sai ga abla, malamarsu. Ta taɓa bajon da yatsa, ta yi Larabci da sauri. Maƙwabciyar ta fassara mini: alamar sojan wata ƙasa ce, ba za a hau dandamali da ita ba, ko a cire ko yarinya ta zauna a gefe. Ba da faɗa ta yi maganar ba, har da ma'alesh, wato a yi haƙuri. Amma da na ji "wata ƙasa", takardar zamanmu na tuna, wadda ke rataye a kan aikin maigida.

"Hagg jaddi!" in ji 'yata da ƙarfi, wato na kakanta ne. Na toshe mata baki da tafin hannuna a gaban kowa.

Babu mai almakashi. Na durƙusa a kan tayil, na zare fil ɗin mayafina na fara tsinke ɗinkin, ga shi na ɗinka shi da kyau, ya ƙi fita. Aka fara kiran yara layi. 'Yata tana tsalle tana cewa, "Yalla ya Mama, yalla!" wato in yi sauri. Na sa haƙori. Tsohon zare ne, ba ya son ja, fiffike ɗaya ya warware a bakina.

"Yi a hankali mana, ba ƙashin kaza ba ne," in ji maƙwabciyar. Wannan karon ba wanda ya yi dariya, sai ma ta riƙe mini jaka.

'Yata ce ta ƙarshe a layi, amma ta hau. Na tsaya can baya, abin da ya rage na mikiyar yana dunƙule a hannuna, jiƙe da yawu. Sauran yara suna ɗaga tutoci da hannu biyu, ita da hannu ɗaya take ɗagawa. Ɗayan ta ɗora a ƙirji, ta rufe inda zarurruka suke reto, kuma har aka gama waƙar ba ta nemi inda nake ba.