Usta Jatau da 'Yarsa Tasnim

Duk wanda ya san layin teloli na kasuwar Suk Libya a Omdurman cikin shekarun casa'in ya san Usta Jatau. Ɗinkinsa yana da kyau, amma ba shi ya fitar da sunansa ba. Shi kaɗai ne telan da yake zuwa kasuwa da yarinya a kafaɗa.

Iyayensa ƙodagon auduga suka yi a Jazira. Shi ya baro gona ya koyi keken ɗinki, ya gina ɗaki biyu na laka a Dar Salam, ƙofarsa tana kallon tawa. Matarsa Aliya shara take yi a wani asibiti a Khartoum. Kafin rana ta fito ta shiga mota, sai la'asar sakaliya muke ganin ta.

Tasnim ce 'yarsu ta uku. Ta kai shekara huɗu ba ta ce "Baba" ba. A kira sunanta ba ta waiwaye, amma jakin mai ruwa ya yi kuka a ƙarshen layi, sai ta toshe kunnuwa ta yi ta ihu. Gogo, ƙanwar mahaifin Jatau, ita ke riƙon ta da rana, har ciwon ƙafa ya mai da ita Jazira. Maƙwabta suka karɓa, matata ma ta gwada. Kowacce in ta ɗan taɓa sai ta ba da haƙuri.

Aliya ta ce za ta ajiye aiki. Jatau ya ce, "In kin ajiye, da me za mu rufa wa kanmu asiri? Ni aikina a zaune ne. Ba ni ita."

Ranar farko kuka ta yi ta yi a shago. Da ya rasa yadda zai yi sai ya hau keke ya fara takawa. Yarinya ta yi tsit. Ta rarrafa ƙarƙashin keken ta zauna, idonta a kan ƙafar keken da ke juyawa. Nan ya zama wurinta. Teloli suna tsokanarsa, "Usta, saura ka nemi zanen goyo!" Shi dai sai murmushi.

Mutane sun ce iska ce. An kai ta wurin malamai, ta sha rubutu, an yi hayaƙi har tufafinta suka riƙe ƙamshin. Wata rana Sittana, wata malamar makaranta, ta kawo ɗinki. Ta daɗe tana kallon yadda Tasnim ke jera maɓallai, jajaye gefe, farare gefe.

Ta ce, "Ya Usta, ɗan yayata haka yake. Likita ya ce sunan abin tawahhud. Ba aljanu ba ne, ba kuma laifin kowa ba ne."

Jatau ya tsai da keke. "Yana da magani?"

"Ba irin na kwalba ba. Tana ji, tana ganewa, hanyarta ce daban. Hayaniya tana yi mata zafi. Ka rage mata magana, kuma abin da ta saba kada a sauya mata shi kwatsam."

Da ya dawo gida ya faɗa wa Aliya, ta zauna bakin gado ta yi kuka. Ashe tun tuni tana zargin kanta, wai don ta yaye yarinyar da wuri ta koma aiki.

Akwai ranar da sojoji suka shigo kasuwa suna kwasar samari zuwa horon dole. Aka yi ta gudu, ana kifar da tebura. Kafin Jatau ya ja ƙofar shago, ba Tasnim. Ya fita ba takalmi. Bai kira sunanta ba, ya san ba za ta amsa ba. Teloli suka bar kekunansu, masu shayi suka bar wuta, aka bazu nemanta. Can bayan kasuwa aka same ta wajen Muntari mai gyaran keken hawa. Ya kifa mata wani keke yana juya taya, ya hana kowa matsowa. Daga ranar ba wanda ya ƙara tsokanar Jatau. Wata mai shayi ma ta ware mata kofinta, don ba ta sha a wani.

Makaranta ba ta karɓe ta ba. A shago ta koyi sa maɓalli da ninke kaya, kuma ninkinta ya fi na uban.

Jatau ya rasu shekarar da kudancin ƙasar ya ɓalle. Aliya ta ajiye tsintsiya, suka koma Bahri, ƙetaren kogi, wajen babban ɗansu Abubakar Sadiq. Na kai musu ziyara da wata Salla. Jikoki sun cika gida, duk Larabci ya cinye bakinsu. Tasnim ta kawo mini ruwa ba ta dube ni ba, ta ce, "Sannu da rana, maigida." Kalmominta ba su da yawa, amma duk Hausar Jazira ce, har da yadda ubanta yake jan ƙarshen magana. Na riƙe kofin na kasa sha.