Ɗacin Kwaɗon Saudatu da Hannun Sodangi

A Bafarawa, zamanin da Bature ke zuwa rangadi Isa, duk kan da ka gani yana ƙyalli ranar kasuwa, to ya bi ta hannun Sodangi wanzami. Askar nan gadonta ya yi. Shi ke aski, shi ke ƙaho, shi ke cire beli, kuma duk yana yi yana tsokanar mai kan, don ya san ba ka da bakin ramawa da aska a wuyanka.

Sai tsufa ya yi masa sallama ta yatsu. Wata damina sanyin ƙashi ya kama hannunsa na dama, gaɓoɓin suka kumbura kamar gujiya. Ya kafa wa kansa ƙaho, ba sauƙi. Ga kuma 'yarsa Rahmatu da tsohon ciki, shi kuwa ya sha alwashin ba mai yi wa jikan askin suna sai shi. Kalilu, wanzamin ƙetaren kasuwa, har ya fara wasa aska yana murmushi.

Matarsa Saudatu ta ce akwai wani ganye a bakin fadama, mai fure ɗorawa, in an karya shi ya yi farin ruwa. Matan Fulani na ba tsofaffinsu.

"Ni wanzami in sha maganin wani?" in ji Sodangi. "Gobe a ce Sarkin Aska ya koma kiwo? Ba za ni ci ba."

"To, Maigida. Allah shi sawwaƙe."

Amma daga ranar kwaɗon zogalen gidan ya sake hali. Kullum ɗaci. Sodangi ya ci ya yamutsa fuska, ya kai ƙara majalisa: "Tsohuwag ga ta mance girki, jama'a!" Duk da haka ba ya barin ko ɗan ganye a akushi, don mutum ne da bai iya ganin ƙuli ya kau da kai. Da safe kuma ta kama hannun ta murza da man shanu mai ɗumi, wai tausayi.

Aka yi girbin gero, Rahmatu ta sauka, namiji. Ana gobe suna Sodangi ya zauna da ƙwarya a cinya, ya lanƙwasa yatsu. Suka lanƙwasu, ban da ƙaramin, wanda dama bai taɓa aikin kirki ba. Ya bi bayan ƙwaryar da aska, lumui, ba ko kwarzane.

Ranar suna Kalilu ya zo da zabirarsa a rataye, wai ko za a bukaci taimako. Sodangi ya yi bisimilla, ya jiƙa kan jaririn. Gashi ya riƙa sauka cikin ƙwarya. Yaro Amiru bai ko farka ba.

"Ka gani, Kalilu? Ƙahona ya yi aiki."

Daga bayan zana Saudatu ta ce, "Ƙaho ko kwaɗo?"

Mata suka sheƙe da dariya, ashe duk unguwa ta sani sai shi. Sodangi ya tsaya da aska a hannu.

"Ke! Ganyen Fulanin nan kin ka ba ni?"

"Don kai na yi? Sabon mijina nika tsaro, kar tsoho shi yanke mai kai."

Har ya bar duniya bai yarda ganye ne ba. Wani lokaci ya ce ƙaho, wani lokaci ya ce wucewar damina. Amma duk sanda hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ka ji shi yana leƙa madafa: "Tsohuwa, kwaɗon yau ba shi da ɗanɗano. Mi kin ka rage?"