Ƙari a Ƙashin Bayana

Ina koyarwa a wata firamare a Samaru bayana ya fara ciwo. Kullum daga Unguwar Gabas nake hawa keke mai ƙafa uku, sai na ɗora wa ramukan hanya laifi. Maigidana ya yi ta shafa mini man zafi. Abin mamaki, in na kwanta ciwon ƙaruwa yake yi maimakon ya lafa. Daga nan ƙafafuna suka fara nauyi. Wata rana a gaban allo takalmina ya fita daga ƙafata ban ji ba, sai da ajin ya kwashe da dariya.

A asibiti aka tura ni cikin injin ɗaukar hoto, matsattse kamar rami, aka ce kada in motsa. Bayan nan likita ta kira mu.

"Malama, kin ga wannan? Ƙari ne ya fito cikin ƙashin bayanki, yana danne laka. Ta lakar nan saƙo ke isa ƙafa."

Maigidana ya ce, "Likita, ciwon daji ne?"

"Ba kowane ƙari ne daji ba. Sai an cire an duba. Amma in fitsari ya fara ƙwace mata, ko ya ƙi fita, kada ku jira ranar da aka ba ku."

A ɗakinmu na haya na yi jiran ranar tiyata, a saman bene. Matakala ta gagare ni. In maigidana ya tafi wurin walda a Chikaji, daga ni sai taga. Ina jin hayaniyar Sabon Gari, ina jin ƙamshin masara da ake gasawa a ƙasa, ba halin sauka. Matan zumunta na cocinmu sukan zo su yi addu'a. Ina jin daɗin zuwansu, amma ƙarar takalmansu suna sauka ta fi ciwon bayan yi mini zafi.

Wata safiya na farka zanina a jiƙe. Kunya ta hana ni magana, maigidana ne ya lura. Ya sauya mini kaya, ya durƙusa a gabana.

"Ki riƙe wuyana da kyau."

Ya goya ni, muka fara sauka daga bene za mu asibiti. Maƙwabciyarmu, 'yar Ibo mai sayar da atamfa, ta bi mu a baya tana tallafe da ƙafafuna don kada su bugi bango.

An yi aikin. Ba daji ba ne, mun gode Allah. Ƙafar hagu ta dawo a hankali, ta dama har yau jan ta nake yi. Na tambayi likita yaushe za ta saki.

Ta ce, "Jijiya ba ta son gaggawa, Malama. Wata takan dawo, wata ba ta dawowa. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Kowace safiya nakan zauna a bakin gado in umarci babban yatsan ƙafar dama ya ɗaga. Wani lokaci yakan ɗan motsa.