Bunsurun Eustace Quashie

A ƙauyensu na bakin teku a Tobago, Eustace Quashie masunci ne, amma ba da kifi aka san shi ba. Da tseren awaki na bikin Ista aka san shi, inda mutum ke bin bunsurunsa a guje, ba takalmi, igiya a hannu. Wanda ya saki igiya ya faɗi, ko da bunsurunsa ne a gaba.

Yana saurayi suka iso ƙarshen fili kai da kai shi da abokin hamayyarsa Lennox, alƙalai suka ba Lennox. Har yau in hira ta yi daɗi sai an tono maganar, rabi su ce Eustace ne ya ci, rabi su ce ƙarya. Wannan rabi da rabin ne ya tsaya masa a rai. Ya sami malamar makaranta ya ce ta binciko masa kalma mafi nauyi a ƙamus ta abin da ba a musu a kansa. Ta ce Indisputable. Tun daga ranar duk bunsurun da ya kiwata sunansa ke nan. An yi fari, an yi baƙi, an yi mai kunne ɗaya, kuma ko ɗaya bai taɓa ci ba.

Bana gwiwa ta ce ba da ita ba. 'Yarsa Verna ta ɓoye igiyar.

"Haba Baba, ka ba wani ya ja maka mana."

"Bunsurun nawa ne, ƙafar ma tawa ce," in ji shi. Ya kwance igiyar shanya ya fice.

A fili Lennox, wanda yanzu sai da sanda, ya ƙwala masa kira. "Kai tsoho! A kira maka motar asibiti?"

"Ka kira wa bakinka."

Aka saki awaki. A tsakiyar fili gwiwar ta ci amanarsa, ya kife. Bunsurun bai san tausayi ba, ya yi ta jan sa a kan ciyawa. Verna na kuka tana ihu, "Saki, Baba! Saki!" Ya ƙi. Da rarrafe ya ƙarasa, bayan kowa ya gama haki.

Lennox ya dogaro sandarsa ya tsaya a kansa. Wannan karon bai yi dariya ba.

"Na ƙarshe ka zo, Eustace."

Eustace ya ɗaga hannu, tafin duk ya sale, igiyar shanya na naɗe a ciki.

"Na ƙarshe, da igiyata a hannu. To, je ka nemo mini mai musun wannan."