Ranar da Kaka ya riƙe bindigar sojoji

Kakana maharbi ne a Damagaram kafin ya zo aikin Hajji ya zauna a Madina. Bareyin da ya harbe da baki a tsakar gidanmu na Harra ta Yamma sun isa a ciyar da alhazan shekara guda, har a yi guzuri. Bindigarsa ta toka ce: a ɗura albarushi, a danna, a harba sau ɗaya, daga nan ta zama sanda. Can gida ya baro ta. Bayan la'asar yakan zauna yana kallon baƙaƙen duwatsun bayan unguwa, kamar wata barewa za ta ɓullo da igama, takardar izinin zama, a baki.

Wani Balarabe maƙwabcinmu yana kiwon bareyi a gonarsa bayan gari. Da bikin ɗansa ya matso, ya ce za a ci guda, kuma Kaka ne zai harbe ta. Tsohon nan har kwalli ya sa, wai don ido ya washe. Ni aka ɗora wa riƙon sandarsa.

A gonar, maƙwabcin ya fito da wata baƙar bindiga irin ta sojoji.

"Ya Ammi," in ji shi, wato baffa da Larabci, "gwada a kan gwangwanin can tukuna."

Kaka ya harare ni. "Ya walad, kai yaro, koma bayana. Ba a nuna wa mutum bakin bindiga ko da wasa."

Ya saita, ya harba. Gwangwanin ya tashi sama, ina jin har yau bai sauko ba. Ban taɓa ganin dariya irin wannan a fuskarsa ba, duk dasashi a waje. Sai ya juyo gare mu da bindigar a kugu, yatsa a kan kunama, bakinta daidai cikina. A wurinsa ai ta harba, ta gama.

"La! A'a, ya Ammi!" Maƙwabcin ya kwatsa ihu.

Na nutse cikin yashi kamar damo. Maƙwabcin ya ɗaga bakin bindigar sama, ya zare gidan harsashi, ya ja ƙarfen gefe. Wani harsashin ya faɗo gaban takalmin Kaka.

"Wannan da kanta take ɗura wa kanta," in ji maƙwabcin.

Kaka ya dubi harsashin, ya dube ni ina tofar da ƙasa. Dariyar ta tafi.

Barewar tana tsaye a inuwar dabino, ba nisa. Maƙwabcin ya yi ta lallashi, ya ce harsashi ɗaya tak zai sa masa, ya tsaya kusa da shi.

"A'a, ɗana. Hannuna ya riga ya saba da waccan. Zai sake mantawa."

Ya karɓi sandarsa ya shiga mota. Maƙwabcin ya kai hannu ga makulli.

"Kada ka tayar tukuna," in ji Kaka, ya sauke gilashi.

Muna nan zaune yana kallonta har aka kira magariba.