Me Kabewa Ta Yi wa Masaƙa?

Har gobe ban manta da ranar da aka kawo mana mai auna zuciya masaƙarmu ta Bompai ba. A farkon shekarun 1980 ne, ina heluma a sashen saƙa. Ga waɗanda ba su san tsarin ba, heluma shi ne na tsakiya: manajoji a samansa, masu tsayuwa kan inji a ƙasansa, kuma faɗan kowane ɓangare a kansa yake sauka. Lokacin auduga ta fara wuya, ana raɗe-raɗin rage ma'aikata, wasu kuma na zancen yajin aiki a ɓoye.

Sai ga wani malamin jami'a, Malam Sule, mai nazarin halayyar ɗan Adam, ya nemi izinin yin bincike a kanmu. Aka ba shi ɗakin shan magani, aka ce ni zan riƙa tura masa mutane ɗaya bayan ɗaya. Kayan aikinsa agogo ne irin na alƙalan tsere. Zai faɗi kalma, kai kuma ka faɗi abin da ya fara zuwa bakinka. In ya ce "ruwa" ka ce "randa", sai ya danna agogon. Ya bayyana mini cewa kalmar da ta taɓa mutum a zuci takan ɗan riƙe masa harshe, ko da shi kansa bai sani ba. Yawancin kalmominsa na yau da kullum ne, akuya, tabarma, kabewa, sai ya cusa "manaja" da "yaji" a tsakaninsu.

Da jami'in kula da ma'aikata, Alhaji Bala, ya ji wannan bayani, sai idonsa ya buɗe. Ya ce, "Malam, in kun gama ina son sunayen waɗanda suka yi jinkiri a kan manaja."

Malam Sule ya ce, "Alhaji, abin ba ya kama mutum ɗaya. Halin taro yake nunawa."

"To, za mu gani. Ai mu muka ba da ɗakin."

Masinja na tsaye aka yi wannan magana, don haka kafin azahar har 'yan sashen rini sun ji cewa agogo zai zaɓi waɗanda za a kora.

Akwai wani tsohon masaƙi, Isufu, mutumin Maraɗi, wanda ko a wurin jana'iza sai ya sa ka danne dariya. Shi ya tara mutane wurin mai abinci. Ni ba a gayyace ni ba, domin heluma ɗan leƙen asiri ne a wurinsu. Daga baya na ji. Wai ya ce musu, "Tunda jinkiri ne laifi, mu ɗora shi kan wanda ba a iya kora. In an ce manaja, ku ce alheri. In an ce yaji, ku ce tsire. Amma in an ce kabewa, kowa ya sunkuyar da kai kamar an yi masa rasuwa."

Bayan 'yan kwanaki Malam Sule ya kira ni, fuskarsa cike da damuwa. Ya ce, "Heluma, don Allah me kabewa ta yi wa mutanen nan? Ɗazu wani har ajiyar zuciya ya yi, ya ce in bar tuna masa."

Na bincika, na dawo na gaya masa. Ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya share ido. Can kuma ya tuna aikinsa duk ya tashi a banza. Ya ce da ma yana fama: mutanen sashena ƙarar inji ta rage musu ji, sai an maimaita, wasu 'yan Nijar sai sun juya kalmar zuwa Zabarmanci tukuna, wanda ya sauka daga aiki a gajiye ba ya amsawa kamar wanda ya shigo yanzu. "Duk waɗannan ina da dabararsu," in ji shi. "Amma mutumin da ke tsoron rasa abincinsa, agogo ba ya auna komai a jikinsa sai tsoron."

Ran Alhamis babban manaja, wani Bature, ya zo ganin aikin, Alhaji Bala na biye da shi. Malam Sule ya rusuna ya ce, "Alhaji, ma'aikata na jin tsoron kujerar nan. Da za ku zauna su gani, da hankalinsu ya kwanta." A gaban maigidansa, ina halin ƙi? Ya tattara babbar riga ya zauna. Ma'aikata suka cika taga.

"Ruwa." "Famfo." "Akuya." "Kasuwa." Yana amsawa yana murmushi.

"Manaja."

Alhaji ya buɗe baki, ya saci kallon Bature, ya rufe. In ya ce alheri, a ce fadanci. In ya ce wani abu daban, ga mai abin a tsaye. Agogo kuwa na ta tafiya. Da ƙyar ya ce, "Mota."

Malam Sule ya duba agogo ya ce, "Alhaji, tun da na fara aikin nan ban ga wanda ya daɗe kamarku ba. In rubuta suna?"

Isufu ya ɗaga murya daga taga: "Malam, a gwada shi da kabewa mana!"

Har Baturen, da bai ji rabin zancen ba, sai da ya dara. Alhaji ya miƙe ya ce agogon nan a lalace yake, kuma bai sake neman sunan kowa ba. Malam Sule ya sake aikinsa tun daga farko, ba suna, a can nesa da injuna, mutane suka amsa masa tsakani da Allah. Rage ma'aikata kuwa ya zo daga baya, kamar yadda ya zo wa masaƙu da yawa, ya tafi da Isufu, wanda ya koma garinsu sayar da yadi.

Ku da kuke shugabantar mutane yanzu, ga abin da na koya. Shirun ma'aikaci yana da dalilai da yawa: kurumta, gajiya, kunya, tsoro, wani lokaci ma tsokana ce kawai. Kafin ka fassara shirun wani, zauna kan kujerarsa maigidanka na tsaye a kanka.